Baƙon da ya zauna maka ba gayyata: tabarma tasa ce, labari naka ne

Tambaya: Baba, ranar Litinin ni da abokina muna zaune wajen mai shayi kusa da tasha, muna lissafin kuɗin da za mu je Kano saro kaya da su. Sai ga wani mutum da ba mu taɓa gani ba, ya zo ya zauna tsakaninmu a kan benci, ko sallama babu. Muka yi shiru, shi ma ya yi shiru. Can sai ya ce, "Ku ma Kano za ku? Yaushe?" Abokina ya ƙifta mini ido mu kore shi, ni kuwa kunya ta hana ni, na faɗa masa ranar, har na biya masa shayi. Tun daga nan abokina yake kirana wawa. Mene ne daidai in baƙo ya zauna wa mutum haka?

Amsa: Ɗana, shayin da ka biya ba wauta ba ne, ladarka tana nan. Ranar tafiyar da ka faɗa, nan ne ka yi sake. Abokin naka kuma da yake ganin shi ne mai wayo, da ka bi tasa kun kore mutumin, da kun yi abin kunya a kan bencin da ba naku ba. Kowannenku ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Mahaifina fatoma ne a nan Maraɗi, wato mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, kuma a zaurensa na buɗe ido. Masu wake, masu fata da ƙirgi, masu dabbobi daga Dakoro, masu albasa daga wajen Galmi, 'yan Kano da 'yan Katsina da suka zo saye, duk a nan suke sauka su ajiye kaya da kuɗi. Na gaji sana'ar, na yi fiye da shekara talatin a cikinta. Aikin fatoma gaba ɗaya shi ne wannan abin da ya dame ka: mutumin da ba ka sani ba ya zo ya zauna, kai kuma kafin ruwan da aka kawo masa ya ƙare dole ka san ko za ka ba shi ɗaki ko za ka nuna masa hanya, ba tare da ka ci mutuncinsa ba.

Fara da wurin. Bencin mai shayi na mai shayi ne. Duk wanda ya zo da kuɗin kofi ɗaya yana da haƙƙin zama, kuma in da wuri ya kamata a matsa masa. Aya ta 11 a Suratul Mujadala ma abin da ta ce ke nan, in aka ce ku yalwata a majalisa ku yalwata. Haka kujerar mota, haka rumfar tasha, haka inuwar bedi a bakin titi. A irin waɗannan wurare babu maganar gayyata sam. Tabarmar ƙofar gidanka ko fadar da kuke haɗa kuɗin shayi da gawayi ku da kanku, wannan daban ce, akwai mai ita. Saboda haka laifin farko naku ne: wa ya ce ku baje lissafin jari a bakin tasha ranar kasuwa?

Amma shi ma ya yi kuskure biyu, kuma su ya kamata ka lura da su. Bai yi sallama ba, sannan ya raba ku ya shiga tsakani. Akwai hadisi a wajen Abu Dawuda da Tirmizi da ya hana mutum ya raba tsakanin mutum biyu da ke zaune sai da izininsu. Bahaushen da ya tashi a gaban manya ya san wannan ko bai taɓa jin hadisin ba, gefe yake zama, ya ce "salamu alaikum, a gafarce ni." Wanda ya tsallake wannan, ko dai bai samu tarbiyya ba, ko hankalinsa ba ya jikinsa saboda wata damuwa, ko kuma abin da ya kawo shi ya fi ƙarfin ladabi. Ba za ka san wanne ne ba sai ka sa shi magana.

To, yadda ake yi ke nan. In bai yi sallama ba, kai ka yi masa. Ka juyo gaba ɗaya ka dube shi, ka miƙa hannu: "Salamu alaikum, Malam, sannu da zuwa." Shirun nan da kuka yi shi ne ya ba shi fili. Mai mugun nufi ba abin da ya tsana kamar a kalli fuskarsa da kyau a gaban mutane, shi kuwa mutumin kirki da gajiya ta sa ya manta, nan take za ka ga ya ji nauyi ya ce "af, ku yi haƙuri." Daga nan sai ka ja gaisuwa. Yaran yanzu suna ganin doguwar gaisuwarmu ɓata lokaci ce, ba su san bincike ba ne da aka naɗe cikin ladabi. Ina gajiya, ina gida, ya hanya, daga ina. Kafin ya gama amsawa ka ji bakinsa, ko na "lahiya lau" ne ko na "lafiya ƙalau", ka ji ko da jaka da dala yake lissafi ko da naira. Wannan ba ya nuna nagari ko mugu, amma yana nuna ko abin da zai faɗa maka daga baya ya dace da harshensa. Mutumin da ya ce shi ɗan Tasawa ne, ka ji bakinsa bai taɓa kwana a can ba, ka samu abin riƙewa.

Sai tambayar da mu fatomai muka fi dogara da ita: "Wajen wa ka sauka?" Ba ta da zafi ko kaɗan, kowa yana yi wa baƙo ita. Baƙon gaskiya yana da amsa, ko ya kira sunan mai masaukinsa da unguwa, ko ya ce wallahi yanzu na sauka daga mota ban san kowa ba, a nan kuma sai ka taimake shi. Maƙaryaci yakan jefo sunan unguwa kawai, ya ce Zariya ko Bagalam ko Mokoyo. Sai ka ce, "Allah sarki, ta wajen wane masallaci?" A nan ake ganin inda-inda. Ban taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Ina tambaya ne ina zuba masa ruwa.

Abin da kunya ta sa ka kasa ganewa shi ne, girmama baƙo da ba shi labarinka ba abu ɗaya ba ne. Gaskiya ne an ce baƙonka annabinka, kuma hadisin da ke cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya girmama baƙonsa yana cikin Buhari da Muslim. Mu 'yan Maraɗi ma ba mu da bakin wulaƙanta baƙo. Sarautar Katsina da ke garin nan, bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807 ta yi gudun hijira ta zo, Ɗan Kasawa ya kafa ta a nan. Arzikin Alhazan garin nan kuma a kan hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano aka tara shi, wato da cinikin mutanen da ba a sani ba jiya aka san su yau. Amma dubi yadda Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi. Alƙur'ani ya ba da labarin a Suratuz Zariyat da Suratu Hud. Baƙi suka shigo suka yi sallama, ya amsa, ya lura cewa fuskoki ne da bai sani ba, bai tsaya tuhuma ba ya je ya kawo gasasshen ɗan maraƙi. Da ya ga hannuwansu ba sa zuwa ga abincin, sai ya ji tsoronsu. Ka ga hannu yana hidima, ido kuma yana aiki. Ni a nan na koyi sana'ata fiye da a zauren mahaifina.

Da ya tambaye ka yaushe za ku, ba sai ka yi ƙarya ba, ba kuma sai ka faɗi gaskiyar da bai da haƙƙi a kanta ba. Hausa cike take da amsoshin da ba su ɗauke da komai. "Sai yadda Allah ya yi." "Muna dai shawara tukuna." "Ai tafiya sai da guzuri, Malam." Ka bi da murmushi, ka mayar masa da tambayarsa: "Kai fa, Kanon za ka?" Sannan ka karkata hira zuwa abin da ba na kowa ba: damina, kuɗin tiyar hatsi, kokowa. A garin da filin kokowarsa ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya fara cin gasar ƙasa a 1975, ka ɗauko zancen takobin da ake ba zakaran gasar ka ga ko benci bai rikice da gardama ba. In mutumin ya shiga gardamar ya manta da Kano, hira ya zo nema. In kuwa duk inda ka kai zance sai ya dawo da shi kan rana da mota da nawa za ku riƙe, to ruwa ba ya tsami banza.

Kada kuma ku koma yin raɗa kai da abokinka, ko ku juya Faransanci don kada ya ji. An hana mutum biyu su keɓe da magana su bar na uku saboda yana ɓata masa rai, kuma ko ta fuskar dabara ma kuskure ne: kun sanar da shi cewa akwai abin ɓoyewa. Maganar da ba ta baƙo ba ce a ajiye ta, ba za ta ruɓe kafin magariba ba.

Ni ma na taɓa yin irin taka, kuma tawa ta fi muni, don ba ni na biya ba. Ina saurayi lokacin, wani baƙon mahaifina ya zo sayen wake. Da dare muna hira a ƙofar gida sai wani ya zo ya zauna, mai fara'a, ya iya gaisuwa, har ya kawo goro. Ya yi ta yabon gidanmu, wai ya ji duk manyan 'yan kasuwa nan suke sauka. Kaina ya kumbura. Na ce ai ko yanzu akwai wanda zai fita kasuwar ƙauye da sassafe da kuɗin buhu kaza. Washegari aka tare bawan Allah nan a hanya aka karɓe komai, Allah ya sa ba a taɓa ransa ba. Ba ni da shaidar cewa mai goron nan ne, amma ban ƙara ganinsa ba. Mahaifina bai doke ni ba. Ya sayar da shanu biyu ya rage wa baƙon asara, kuma ya yi wata guda in zai yi maganar kuɗi sai ya ce in tashi in ba su wuri, a gaban kowa. Ka lura, wannan ya yi sallama, ya zauna a gefe, ya cika duk ladabin da naka bai cika ba. Saboda haka kada ka ɗauka sallama takardar shaida ce. Tana buɗe masa tabarma ne kawai.

Yau abin ya fi wancan lokaci nauyi. Kowa ya san halin da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji na bakin iyaka suke ciki da ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma kowa ya san ba sa zuwa gidan mutum sai an ba su labari. Labarin nan a wajen hira ake tsintarsa: wane ya sayar da bijimai, wane ɗansa ya aiko kuɗi daga Libiya, wane zai ɗauko amarya ranar kaza. Sirrin wani ma ya fi naka haɗari a bakinka, don kai ka faɗa ka tafi gida ka yi barci. Sai dai a nan ina jan kunnenka da wani abu. Tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo jihar nan saboda wannan bala'in, wasu aka zaunar da su a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. Zalunci ne a riƙa kallon duk mai baƙon baki a matsayin ɗan rahoto. A abin da na gani a rayuwata, mai kai labari ya fi zama wanda aka saba da fuskarsa, wanda ba a rage murya in ya zo. Shi ya sa na fi son mutum ya gyara bakinsa gaba ɗaya maimakon ya riƙa zargin baƙi.

Akwai kuma 'yan damfara, waɗanda su tasha ce gonarsu. Wani zai zauna ya kwance ƙullin leda a ɓoye, wai zinariya ce daga Jado ko Ɗan Isa, uwarsa ba lafiya, zai sayar da araha. Sau da yawa akwai na biyu da zai zo daga baya kamar bai san shi ba, ya yi ta sha'awar kayan don ya zuga ka. Wani salularka zai ara, wai tasa ba caji. In ka ga da gaske yake cikin matsuwa, ka karɓi lambar ka kira da hannunka, ka sa a lasifika, wayar tana hannunka. Abin sha kuwa da aka riga aka buɗe, ko abinci da baƙo ya ciro daga jakarsa a tasha ko cikin mota, "alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kai" ta ishe ka. Kai ka yi masa tayi, wannan al'ada ce, in kana ci dole ka ce bismilla. Shayin da mai shayi ya haɗa a gabanku ba komai.

Kada wannan ya sa ka zama mai ɗaurarriyar fuska. Cikin goma da za su zauna maka haka, mafi yawa ba su da wata manufa. Wani rana ce ta koro shi. Wani ɗan ƙauye ne da ya kawo mara lafiya asibiti, kuɗi sun ƙare, yana neman fuskar da zai iya tambaya. Akwai wani tsoho da ya yi kusan shekara yana zuwa ƙofar gidana bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma, ba ya cewa komai sai gaisuwa, in an kira magariba ya tashi. Yarana suka fara gunaguni. Da na bincika, matarsa ce ta rasu, 'ya'yan suna Yamai, gidan ya yi masa faɗi. Muryar mutane kawai yake so. Da na bi ta yara, da wane ido zan dubi makararsa ranar da aka fito da shi? Wani kuma taubashi ne. In Bazabarme ya ji kai Bagobiri ne, ko Babarbare ya gane Bafillace, zai iya zama ya ɗauke kofinka ya ce bawansa ya haɗa masa shayi. Wannan ba raini ba ne, wasa ne da ya girme mu duka, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Ramawa ake yi da baƙar magana mai daɗi, ba a fushi.

In wurin naka ne, wato gidanka ko walimarka, hukunci yana hannunka, kuma akwai misali mai kyau. Wani sahabi, Abu Shu'aibu, ya sa an dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Wani ya bi su ba a kira shi ba. Da suka isa sai Annabi ya gaya wa mai gidan cewa wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini, in ka so ya koma. Mai gidan ya ce ya yi masa izini. Ba a shigar da shi a ɓoye ba, ba a kuma tozarta shi ba. 'Yan gayyar soɗi a biki da suna kuwa, ni ban taɓa ganin wanda ya talauce saboda su ba. A zuba musu a faranti daban, a sa yaro mai ido kusa da ɗakin kaya da wajen takalma.

Sallamar baƙo ma tana da hanya. Ba a cewa "tashi." Kai ne za ka miƙe, ka ba shi hannu, ka ce, "To Malam, mun gode da zumunci, bari mu leƙa wani wuri." In a ƙofar gidanka ne, ka ce "bari in taka maka," ka raka shi taku goma; ba wanda ake yi wa rakiya ya koma ya zauna. Kiran salla ma yana raba kowace majalisa ba tare da an ji haushin kowa ba. In duk ka yi wannan ya nace, ko ya tashi ya bi ku, to an wuce maganar kunya. Kada ku nufi gida, kada ku shiga lungu. Ku koma cikin mutane, ka faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Malam, lafiya kake bin mu?" Ka sanar da mai wurin ko shugabannin tasha, in a unguwa ne mai unguwa, in abin ya kai a kira 'yan sanda a lamba 17. Amma kada ka yi ihun ɓarawo a kan zato. Ka san yadda taron kasuwa yake, kafin a tambayi me ya sata an riga an fasa masa kai, kuma jinin yana wuyanka.

Ka gaya wa ƙannenka mata cewa su nasu hukuncin daban ne. Duk wannan doguwar gaisuwa da na lissafa ba ta hau kansu ba. In namijin da ba ta sani ba ya bar wuri ya zo ya matse ta a tasha ko layin asibiti, ba ta da bashin hira a kansa. Ta amsa sallama in ya yi, ta ce "Malam, matsa can," ko ta tashi ta koma kusa da wata babbar mace ta ce "Inna, bari in zauna nan kusa da ke." Babu dattijuwar da ba za ta gane ba. Kunyar da muke koya wa 'yan mata, ta yin shiru da sunkuyar da kai, ita ce marasa kunya suke fakewa da ita.

Yanzu ga abin da ya rage maka. Ranar da ka faɗa ta ƙone, ku sauya ta, ku sauya motar, kuma ko a gida kada a yi ta yaɗawa. Jarin kada ku ɗauke shi a aljihu ku tsallaka iyaka. Ku bi ta ɗan canjin da manyanku suka saba da shi, ku karɓa a Kano, abin da ke jikinku ya zama kuɗin mota da na abinci. Sannan ka koma wajen mai shayin nan. Masu shayin tasha sun fi kowa sanin fuskoki, sun san ɗan kamasho, sun san fasinja, sun san wanda kullum yana tasha amma bai taɓa shiga mota ba. Kada ka je da safe lokacin da hannunsa ke cikin ƙwai da burodi. Ka je bayan azahar in benci ya yi sauƙi, ka sayi shayi, ku gaisa sosai, sannan ka ce, "Af, mutumin nan na ran Litinin da ya zauna tsakaninmu, ɗan nan ne kuwa?"